Farfela da saitin injin kwalekwale

Farfela ita ce ƙarfen nan mai fuka-fukai da ke juyawa cikin ruwa a ƙasan injin kwalekwale, tana tura ruwa baya, jirgi kuma yana yin gaba. Saitin inji kuwa shi ne yadda aka ɗora injin a bayan jirgi, wato zurfinsa a ruwa, da jinginarsa, da yadda aka raba kaya a cikin jirgin. Waɗannan abubuwa biyu su ke yanke yawan gudun da jirgi zai samu daga ƙarfin injinsa. Jirage biyu masu girma ɗaya da inji iri ɗaya suna iya bambanta ƙwarai a gudu da shan mai saboda farfela da saiti kaɗai. Masu tseren jiragen ruwa a Turai da Amurka ne suka fi zurfafa bincike a wannan fanni, amma ƙa'idojin da suka gano su ne dai ke aiki a kan kwalekwalen katako da ke jigilar 'yan kasuwa a Yawuri ko masunta a Tafkin Chadi.

Tarihi

A 1836 ne Francis Pettit Smith ɗan Ingila da John Ericsson ɗan Suwidin suka yi rajistar farfelar jirgin ruwa, kowa da nasa tsarin. Cikin 'yan shekaru farfela ta soma maye gurbin manyan ƙafafun nan masu filafilai da ake ɗaurawa a gefen jiragen tururi. A 1894 injiniyan Ingila Charles Parsons ya ƙera jirginsa mai suna Turbinia, wanda injinsa ke da ƙarfi sosai amma ya kasa yin gudun da aka yi zato. Da ya bincika sai ya gano cewa farfelar tana juyawa da saurin da ke sa ruwa ya zama kumfa a bayan fuka-fukanta, ƙarfin inji yana tafiya a banza. Bayan ya sake tsari ya sa farfela tara a kan sanduna uku, jirgin ya kai kusan kilomita 64 a awa, gudun da babu jirgin da ya kai shi a lokacin. 

Injin da ake ratayawa a bayan jirgi ya yaɗu ne ta hannun Ole Evinrude, haifaffen Norwe da ya zauna a Milwaukee ta Amurka, wanda ya fara sayar da nasa a 1909. Carl Kiekhaefer ya kafa kamfanin da ke yin injin Mercury a 1939. Daga baya kamfanonin Japan suka shigo: Tohatsu a 1956, Yamaha a 1960, Honda a 1964, Suzuki a 1965. An daina ƙera injin Evinrude a 2020. A ruwayen Afirka ta Yamma injunan Yamaha samfurin Enduro, masu ƙarfin doki 15 da 40 da 75, suna daga cikin waɗanda aka fi gani, saboda sauƙin gyara da samuwar kayan gyaransu a kasuwa.

Amfani da shi a ƙasar Hausa

A arewacin Jihar Zamfara, Gulbin Gagare da ke ratsa Ƙaura Namoda da Gulbin Bunsuru da ke bi ta ƙasar Zurmi suna haɗuwa a yankin Shinkafi da Isa, ruwansu ya gangara cikin Gulbin Rima. Gulaben nan na damina ne. Da rani yashi ke cika su, da damina kuma ruwan yana da ƙarfi da laka, zurfinsa yana canzawa daga rana zuwa rana. Shi ya sa fito a irin waɗannan wurare ya fi dogara ga filafili da gora. Injin baya yana buƙatar ruwa mai zurfin da ƙafarsa ba za ta riƙa taɓa yashi ba.

Irin wannan ruwa ana samun sa a madatsun ruwa da manyan koguna. Akwai Madatsar Bakolori da ke kan Gulbin Sakkwato kusa da Talatar Mafara, wadda aka kammala a 1978, da Madatsar Goronyo a kan Rima, da Tiga a Jihar Kano. Mafi girmansu shi ne Tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsarsa a 1968, mai tsawon kimanin kilomita 135, ya haɗa garuruwa irin su Yawuri da Wara da Malale da New Bussa. A nan da kuma Tafkin Chadi manyan jiragen katako masu inji su ne motocin ranar kasuwa, suna ɗaukar mutane da buhunan hatsi da kifi da babura da dabbobi. Bukukuwan ruwa kamar Rigata ta Yawuri da bikin kamun kifi na Argungu suna da tseren kwalekwale, amma gudun da ya fi damun matuƙin haya shi ne wanda zai kai shi kasuwa ya dawo kafin duhu, da man da bai cinye ribar ranar ba.

Siffar jirgi da iyakar gudunsa

Kafin a zo kan farfela, siffar jirgin ita ce ke sa iyaka. Jirage iri biyu ne ta wannan fuska.

Na farko shi ne mai ratsa ruwa, wanda cikinsa ke nutse yana ture ruwa gefe da gefe. Manyan jiragen katako na kaya duk irin wannan ne. Yayin da jirgin ke tafiya yana tayar da igiyar ruwa a goshinsa da wata a bayansa. Idan gudu ya ƙaru har tazarar igiyoyin biyu ta kai tsawon jirgin, sai jirgin ya zama kamar mai hawan tudun da shi ya tara, ƙarin wuta ba ya ƙara gudu sai kaɗan. Ana kimanta wannan iyaka da ninka tushen murabba'in tsawon jirgi a kan ruwa, a ma'aunin mita, da 4.5. Jirgi mai mita 9 iyakarsa kimanin kilomita 13.5 ce a awa, mai mita 16 kilomita 18, mai mita 25 kilomita 22.5. Dogon jirgi siriri yana iya ɗara wannan lissafi, wanda shi ne dalilin da maƙeran kwalekwale suka daɗe suna fifita tsawo a kan faɗi.

Na biyu shi ne mai hawa kan ruwa. Jirgi ne marar nauyi mai shimfiɗaɗɗen ciki ta baya, kamar jiragen faiba na jami'an tsaro da masu ceto. Idan ya samu isasshen ƙarfi sai ya ɗago ya riƙa sulɓi a saman ruwa, iyakar nan ta tsawo ta daina aiki a kansa. Gudun irin wannan jirgi yana tafiya ne da tushen murabba'in ƙarfin inji idan an raba shi da nauyi, lissafin da ake danganta shi da maƙerin jiragen Amurka George Crouch. Ma'anarsa ita ce wanda ya ninka ƙarfin injinsa sau biyu zai samu ƙarin gudu na kusan kashi 41 cikin 100 kawai, wanda kuma ya rage nauyi da kashi 10 zai samu ƙarin kusan kashi 5 ba tare da ya sayi komai ba.

Ma'aunin farfela

Kowace farfela tana da lambobi biyu da aka buga a jikinta, misali 11 1/8 × 13. Lamba ta farko ita ce faɗi, wato faɗin da'irar da bakin fuka-fukan ke zanawa idan suna juyawa, a ma'aunin inci. Ta biyu ita ce taku, wato nisan da farfelar za ta yi gaba a juyi ɗaya da a ce tana shiga abu mai tauri kamar yadda sukuru ke shiga katako. Farfela mai taku 13 za ta ci inci 13 a kowane juyi.

Taku yana aiki ne kamar giyar mota. Ƙaramin taku kamar giya ta ɗaya yake: yana jan kaya, jirgi yana tashi da wuri, amma ƙarshen gudunsa kaɗan ne. Babban taku kamar giya ta ƙarshe yake: yana ba da gudu idan jirgi ba shi da nauyi, idan kuwa akwai kaya sai inji ya kasa juya shi. Bambancin shi ne injin kwalekwale ba shi da giyar da ake canzawa a kan tafiya in ban da gaba da baya, don haka farfelar da aka ɗaura ita ce giyar da za a yi tafiyar duka da ita.

A cikin ƙafar inji akwai haƙoran giya da ke rage juyi kafin ya isa farfela. A injin Enduro mai ƙarfin doki 40 ragin biyu ne da ɗaya: inji ya juya sau biyu, farfela ta juya sau ɗaya. Daga nan ake lissafa gudu. Idan inji yana juyi 5,200 a minti, farfela tana yin 2,600. A ninka da taku 13, an samu inci 33,800 a minti, wato kimanin mita 858, wanda ya kama kilomita 51.5 a awa.

Jirgi ba ya kai wannan adadi, domin ruwa yana kaucewa a ƙarƙashin fuka-fukai. Giɓin da ke tsakanin lissafi da ainihin gudu shi ake kira zamiya. Idan jirgin da ke misalin nan ya yi kilomita 41 a awa, zamiyarsa kusan kashi 20 ce cikin 100. A jirgi mai hawa kan ruwa da aka saita da kyau zamiya takan tsaya tsakanin kashi 10 zuwa 20, a babban jirgin kaya kuwa tana iya wuce kashi 30. Dole ne a samu zamiya, don da ita farfela ke samun abin turawa. Amma idan ta yi yawa fiye da yadda irin jirgin ya saba, alama ce ta ɗaya daga cikin abubuwa huɗu: farfela ta lalace, ko ta yi wa jirgin ƙanƙanta, ko an ɗaga inji da yawa, ko robar cikin farfelar ta saki.

Zaɓen taku

Kowane inji yana da iyakar juyi da kamfani ya ƙayyade masa idan an buɗe wuta duka. A injunan Enduro da aka ambata iyakar tana tsakanin 4,500 da 5,500 a minti. Farfelar da ta dace ita ce wadda ke barin inji ya faɗa cikin wannan iyaka, ya fi kyau ta wajen samanta, yayin da jirgi ke ɗauke da irin kayan da ya saba ɗauka.

Ƙa'idar da makanikai ke bi ita ce ƙarin inci ɗaya na taku yana rage juyi da kimanin 150 zuwa 200, ragin inci ɗaya kuma yana ƙara shi da haka. Jirgin da aka buɗe wa wuta duka ya tsaya a juyi 4,300 da farfela mai taku 13, idan aka koma taku 11 zai hau zuwa wajen 4,600 ko 4,700, ya shiga iyakarsa. Sau da yawa gudunsa ma yana ƙaruwa, domin injin ya isa juyin da yake ba da cikakken ƙarfinsa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne sayen babban taku da zaton shi ne gudu. Injin da aka ɗora wa takun da ya fi ƙarfinsa yana aiki kamar motar da ke hawan tudu da giya ta ƙarshe. Yana zafi, fulogi yana yin baƙi, gawayi yana taruwa a kan fistin, a ƙarshe zobba ko fistin ɗin su lalace. Ƙaramin taku fiye da kima shi ma yana da nasa lahani: inji yana wuce iyakar juyinsa, yana kuka ba gudu, kayan cikinsa suna saurin ci. Matuƙin da ke fita da jirgi cike ranar kasuwa, sauran ranaku kuma da kaya kaɗan, ya fi dacewa ya ajiye farfela biyu masu taku daban. Ta biyun tana zama ta ko-ta-kwana idan ɗaya ta karye a tsakiyar ruwa.

Fuka-fukai, leɓe da irin ƙarfe

Yawancin farfelun injin baya fuka-fukai uku gare su, kuma su suka fi ba da ƙarshen gudu. Mai huɗu tana riƙe ruwa da kyau, tana tayar da jirgi mai nauyi da wuri, tana rage girgiza, amma takan rage ƙarshen gudu kaɗan saboda ƙarin fiffiken da ke gogar ruwa. Wanda ya koma mai huɗu yakan rage taku da inci ɗaya don juyi ya tsaya inda yake.

Leɓe ɗan lanƙwasa ne da ake yi a bakin fiffike na baya. Yana hana farfela sakin ruwa a kan kwana ko idan an ɗaga inji, kuma yana rage juyi kamar an ƙara taku kaɗan. Akwai kuma kishingiɗar fuka-fukai, wato yadda suka karkata baya daga cibiyar farfela. Mai kishingiɗa da yawa tana ɗaga goshin jirgi, abin da ke rage yawan cikin jirgin da ke taɓa ruwa. Wannan yana amfanar jirgin gudu, ba ya ƙara wa jirgin kaya komai.

Farfelar alminiyam ita ce mai araha kuma ita ke zuwa da yawancin ƙananan injuna. Fuka-fukanta suna da kauri kuma suna ɗan lanƙwashewa idan aiki ya yi nauyi. Ta ƙarfe marar tsatsa ta fi ta ƙarfi, fuka-fukanta sun fi siranta, tana jure yashi, kuma a jirgi mai gudu tana ba da ƙarin sauri. Sai dai tana da tsada, kuma idan ta daki dutse ko kututture ba ta karyewa da sauƙi, sai bugun ya wuce zuwa sandar farfela da haƙoran giya, waɗanda gyaransu ya fi kuɗin farfela nesa. A ruwan da ke da kututturan itatuwa a ƙasa, kamar sassan Tafkin Kainji da sauran madatsun da ruwa ya mamaye daji, alminiyam takan fi zama alheri. Don kare giya ne ake sa roba a cikin cibiyar farfela, ko ɗan fil da ke karyewa a wasu ƙananan injuna. Maye gurbin fil ɗin da ƙusa mai tauri yana kawar da wannan kariya.

Zurfin inji a ruwa

Injunan baya suna zuwa da ƙafa mai tsawo daban-daban: gajera ta allon baya mai inci 15, doguwa ta inci 20, da mafi tsawo ta inci 25. A saman farfela akwai wani faranti shimfiɗaɗɗe da ke hana ta jawo iska daga saman ruwa. Saitin asali shi ne farantin nan ya daidaita da ƙasan jirgi, ko ya sauka ƙasa da shi da abin da bai wuce inci ɗaya ba.

Idan inji ya nutse da yawa, ƙafarsa tana jan ruwa. Ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800, don haka ɗan ƙarin ƙarfe a cikinsa yana cin gudu da mai, yana kuma watsa ruwa cikin jirgi. A ruwa marar zurfi ƙafar tana kusantar yashi. Idan kuma aka ɗaga shi da yawa, farfela tana shan iska, ramukan da inji ke zuƙar ruwan sanyaya kansa suna iya fitowa sama, inji ya ƙone cikin 'yan mintuna. Ruwan nan da inji ke tsartowa ta baya shi ne shaidar cewa famfon sanyayawa yana aiki, kuma duk wanda ya taɓa saitin zurfi sai ya riƙa dubansa.

Masu jiragen gudu suna ɗaga inji rami ɗaya bayan ɗaya suna gwadawa. Wasu suna sa wani ƙarfe tsakanin inji da allon baya wanda ke tura injin baya kuma ya ba da damar ɗaga shi ko sauke shi. Ruwan da ya fito daga ƙarƙashin jirgi yana tasowa sama yayin da yake nisa da allon, don haka injin da aka tura baya yana jure ɗagawa. A tseren duniya na jiragen Formula 1, wanda aka fara a 1981, ana ɗaga inji har rabin farfela yana waje, da farfela ta musamman mai kaifin baki, jiragen kuma suna wuce kilomita 200 a awa. Wannan saiti yana buƙatar ƙafar inji da aka ƙera dominsa, ba ya yiwuwa da injin haya. A jirgin katako abin da ya fi muhimmanci shi ne allon baya ya kasance mai ƙwari, a yanka shi daidai da tsawon ƙafar injin, a kuma ɗaure injin da ƙusoshi da igiya ko sarƙa.

Jinginar inji

Jingina ita ce kusurwar da ke tsakanin ƙafar inji da allon baya. A ƙananan injuna ana canza ta da wani fil da ake matsarwa tsakanin ramuka, a manya kuma da maɓalli. Idan aka matso da ƙafar kusa da jirgi, farfela tana ɗaga bayan jirgi tana danne goshinsa. Wannan yana taimakawa wajen tashi, amma idan ya yi yawa jirgi yana noman ruwa da goshi, tuƙi yana yin nauyi. Idan aka nisanta ƙafar, goshi yana ɗagawa, gogar ruwa tana raguwa, gudu yana ƙaruwa zuwa wani matsayi. Da an wuce shi sai jirgi ya soma tsalle, goshi yana hawa yana sauka, ko farfela ta saki ruwa. Jirgin gudu mai tsinin ciki yana iya soma rangaji daga gefe zuwa gefe, wanda ke iya kifar da shi, maganinsa kuma shi ne a rage wuta a hankali a maido da jingina. A babban jirgin kaya saitin da ya dace shi ne farantin ya kwanta daidai da saman ruwa bayan an gama lodi.

Shan iska da kumfar tururi

Matsaloli biyu ne da ake yawan haɗa su. Shan iska yana faruwa idan iskar sama ko hayaƙin inji ya shiga tsakanin fuka-fukai. Nan take juyi yana hawa, inji yana ihu, jirgi kuma yana rage gudu. Ana ganinsa a kan kwana mai tsanani, ko cikin igiyar ruwa, ko idan kaya sun taru a gaba har bayan jirgi ya ɗaga.

Kumfar tururi kuwa ita ce abin da Parsons ya gano. Idan matsin ruwa a bayan fiffike ya faɗi ƙwarai, ruwan yana tafasa ba tare da zafi ba, ya zama ƙananan kumfa. Kumfar tana fashewa a jikin ƙarfe da ƙarfin da ke ɓantare shi, har a ga fiffike ya yi ramuka kamar gara ta ci shi. Lanƙwasasshen baki, ko tsaguwa, ko walda marar kyau suna jawo ta. Ana iya goge ƙananan tabo da zarto mai laushi, amma fiffiken da ya rasa wani yanki yana sa farfela ta rinjayi gefe ɗaya, girgizar kuma tana cinye robar da ke hana ruwa shiga man giya.

Nauyi, cikin jirgi da yanayi

Jirgin katako yana shan ruwa yana ƙara nauyi, ruwan da ya taru a cikinsa kuma kowace lita kilo ɗaya ce. Gansakuka da ƙananan dodon koɗi da ke manne wa cikin jirgi suna ƙara goga, haka ma faci da ƙusoshin da suka fito. Kainuwa da kacala da tsohuwar koma da leda suna naɗe farfela. Zaren koma yana shiga bayan farfela ya yanke robar giya, don haka ake cire farfela lokaci-lokaci a duba, a shafa girisi a sandarta.

Iska mai zafi da ta wuri mai tudu ba ta da kauri, inji kuma yana rasa kimanin kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 sama da teku. Farfelar da ta dace da jirgi a Legas da sanyin safiya tana iya yi masa nauyi a madatsun arewa da zafin bazara. Lafiyar injin kansa tana gaba da kome: fulogi, da tsabtar kafireta, da fetur marar gauraye da ruwa, da haɗin baƙin mai daidai da abin da kamfani ya rubuta, wanda a injuna da yawa masu bugu biyu kashi ɗaya ne cikin 50.

Yadda ake gwaji

Gwaji yana buƙatar agogon juyin inji da ma'aunin gudu, wanda GPS na wayar hannu ya isa. Ana yin sa a ruwa mai zurfi da aka sani, da rana, ba tare da fasinja ba, a sa buhunan yashi a madadin kayan da aka saba ɗauka. Ana bin hanya ɗaya zuwa da dawowa a ɗauki matsakaici, domin gangarar ruwa da iska suna ƙara wa ɗaya suna rage wa ɗaya. Abu ɗaya ake canzawa a kowane zagaye, a rubuta juyi da gudu. Tsarin da aka fi bi shi ne a fara da gyaran inji da wanke cikin jirgi, sai rabon kaya, sai zurfin inji, sai jingina, a ƙare da farfela, domin kowane ɗaya daga cikin na farkon yana canza juyin da za a zaɓi taku da shi.

Shan mai

Tun bayan janye tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, mai ya zama babban abin da ke cin kuɗin matuƙi. A jirgi mai ratsa ruwa, ƙarfin da ake buƙata yana hawa da sauri ƙwarai yayin da aka kusanci iyakar gudu, don haka ƙarshen wuta yana ƙona mai da yawa a kan ɗan ƙarin sauri. Sassauta wuta kaɗan yana ƙara 'yan mintuna a tafiya, yana rage lita da dama. Jirgi mai hawa kan ruwa kuwa ya fi shan mai a tsakanin ratsawa da hawa, lokacin da goshi ke sama baya na nutse, ya fi kuma sauƙin mai jim kaɗan bayan ya gama hawa. Ma'aunin da ya dace a nan shi ne kilomita nawa lita ɗaya ke kaiwa.

Haɗari da doka

Ƙarfin karo yana tafiya da murabba'in gudu: jirgin da ya ninka gudunsa sau biyu, idan ya daki kututture bugun ya ninka sau huɗu. Injin da ya fi ƙarfin jirgi yana iya ɓalle allon baya ko ya buɗe haɗin katakon tsohon jirgi. Haɗuran ruwa sun yi ta cin rayuka a arewacin Najeriya. A ranar 26 ga Mayun 2021 jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse a Kogin Kwara kusa da Wara a Jihar Kebbi, kaɗan ne suka tsira. A ranar 30 ga Nuwamban shekarar wani ya kife a ruwan Bagwai ta Jihar Kano, mutum aƙalla 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya. A watan Satumban 2024 gomman manoma suka rasu a Gummi ta Jihar Zamfara a kan hanyar zuwa gonakinsu. Lodi fiye da kima da rashin rigar kariya suna daga cikin dalilan da hukumomi suka fi ambata a irin waɗannan haɗura.

Hukumar kula da hanyoyin ruwa na cikin gida, NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lokoja, ita ke da alhakin rajistar jirage da dokokin tafiya a ruwayen. Dokokinta sun hana tafiyar dare da lodi fiye da kima, sun kuma wajabta sa rigar kariya. A tashoshi da yawa Sarkin Ruwa da ƙungiyoyin matuƙa su ke lura da lodi da lokacin tashi. Injunan zamani suna zuwa da igiyar kashe inji, wadda matuƙi ke ɗaurawa a hannu ko a ƙugu domin injin ya mutu idan ya faɗa ruwa. Ana kashe inji idan akwai mutum a ruwa kusa da bayan jirgi, kuma ana cire wayar fulogi kafin a sa hannu a farfela.